Ƙwaƙwalwar Mota da Na'urar Sauya Mata Saiti: Abin Dubawa Kafin a Saya

Duk ranar Talata hanyoyin da ke shiga Talata Mafara daga Ruwan Gizo da Bakura da Maradun sukan cika da motocin kaya, tun daga a-kori-kura da kanta har zuwa Hilux da manyan gingimari. Yawancin lodin da suke ɗauke da shi amfanin gona ne, shinkafa da albasa da dankali da tumatir, wani daga gonakin damina, wani kuma daga filayen noman rani na madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala gininta a kan Gulbin Sakkwato a shekarar 1978. Kukan masu waɗannan motoci bai wuce biyu ba: mota ba ta ja idan ta sha lodi, kuma mai ya yi tsada, musamman tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur.

Ana cikin wannan hali ne ake tallata wata 'yar na'ura, girmanta bai fi na wayar hannu ba, wadda ake cewa da zarar an jona ta a mota sai ƙarfin injin ya ƙaru, shan mai kuma ya ragu. Aikinta shi ne sauya saitin kwamfutar da ke sarrafa injin. Akwai ta gaskiya, akwai ta bogi, kuma ko ta gaskiyar ba kowace mota ce take karɓar ta ba. Kafin mutum ya iya rarrabewa, wajibi ne ya san abin da na'urar take taɓawa a cikin mota.

Yadda injin ya sami ƙwaƙwalwa

Injin fetur yana aiki ne ta hanyar ƙona gaurayen iska da mai a cikin silinda. Fistan ya matse gaurayen, fulogi ya kyasta wuta, ƙarfin fashewar ya tura fistan ƙasa. Domin mai ya ƙone ƙurmus, kowane giram 1 na fetur yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska. Ɗalibi zai iya auna girman wannan bukata da kansa. Lita 1 ta fetur nauyinta kusan kilo 0.74 ne, saboda haka tana bukatar iska mai nauyin kusan kilo 11, wato iskar da za ta cika kimanin lita 9,000. Duk wannan iska sai ta ratsa ta cikin filta kafin ta kai ga silinda.

A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, waɗanda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna, kafireta ce ke haɗa iska da mai, kuma bakanike da sukundireba da kunnensa yake saita ta. A shekarar 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin fesa mai da lantarki ke sarrafawa a cikin wata ƙirar Volkswagen, sannan a 1979 ya fito da tsarin Motronic a motocin BMW, inda kwamfuta guda take kula da fesa mai da kyasta wuta gaba ɗaya. Wannan kwamfuta ita ce makanikai da 'yan rewaya suke kira ƙwaƙwalwar mota. A ɓangaren injin gas kuwa, wato dizal, babban sauyin ya zo ne a 1997, lokacin da aka fara sayar da ƙananan motoci masu bututun mai guda mai tsananin matsi, wanda kwamfuta ke buɗe nozul-nozul ɗinsa. Injiniyoyin rukunin kamfanonin Fiat na Italiya ne suka ƙirƙiro tsarin kafin Bosch ya karɓe shi. Mutanen wannan yanki ba baƙin Fiat ba ne, domin Impresit, kamfanin da ya gina madatsar Bakolori, a wancan lokaci na wannan rukuni ne.

Ƙwaƙwalwar ba tunani take yi ba. Wasu ƙananan na'urori masu sansano yanayi, waɗanda ake kira sansa, su ne ke aiko mata da labari: yawan iskar da ta shigo da zafinta, saurin juyawar injin, zafin ruwan lagireto, yadda direba ya taka totur, da ragowar iskar oksijin a cikin hayaƙin salansa. Ita kuma sai ta duba wasu jadawalai da aka rubuta mata tun daga masana'anta. Jadawalin yana cewa ne, alal misali, idan injin yana juyi 2,000 a minti kuma lodi ya kai kaza, a fesa mai kaza, a kyasta wuta a lokaci kaza. Ana yin wannan dubawa sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa.

To, na'urar saiti waɗannan jadawalai take sake rubutawa. Tana shiga ne ta wani soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda sunansa OBD-II. Amurka ta wajabta shi a kan ƙananan motoci daga ƙirar 1996, Turai ta biyo baya a farkon shekarun 2000, kuma asalin manufarsa ita ce gano matsalolin da ke ƙara hayaƙi. Na'urar takan fara kwafe saitin asali ta ajiye, sannan ta zuba sabo.

Daga ina ƙarin ƙarfin yake fitowa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowane ɗalibin kimiyya ya fara yi. Na'urar ba ta ƙara girman silinda ba, ba ta sauya fistan ba, ba ta ƙara wa lagireto faɗi ba. Ƙarfen jiya shi ne na yau. Ashe ke nan ƙarfin da ma yana nan, mai ƙera motar ne ya hana a taɓa shi.

Dalilin hanawar kuwa a fili yake. Kamfani yana ƙera injin guda ya aika shi ƙasashe masu sanyi da masu zafi, wuraren da mai ke da kyau da wuraren da ake yi masa algus, hannun direba mai kula da hannun wanda ba ya juye baƙin mai sai ya koma kamar kwalta. Don haka sai ya bar rara, kamar yadda manomi mai hankali ba ya kai duk abin da ke rumbu kasuwa, yana barin na tsaron shekara. Na'urar saiti wannan rarar take ci.

A injin fetur, babbar hanyar cin rarar ita ce matso da lokacin kyasta wuta gaba kaɗan. Hakan yana ƙara ƙarfi, amma yana kusantar da injin ga wata illa: wani ɓangare na gaurayen ya fashe da kansa saboda zafi da matsi kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Ana jin wannan kamar ƙarar tsakuwa a cikin gwangwani, kuma idan abin ya daɗe yana iya cinye kan fistan ko ya fasa shi. Da ma ƙarshen irin wannan ƙwanƙwasa shi ne abin da ake cewa injin ya buga. Motocin zamani suna da sansa mai jin wannan ƙara, wadda ke sa ƙwaƙwalwa ta ja da baya, sai dai iyakar ja da bayanta ma a cikin jadawali take. A injin fetur marar turbo, kamar na lita 2.7 da ke cikin yawancin Hilux na Nijeriya, ƙarin da ake samu ɗan kaɗan ne, har direba ba lalle ya ji bambanci ba.

Injin gas mai turbo shi ne inda ake ganin ƙari na a zo a gani. Shi ba shi da fulogin kyasta wuta. Zafin iskar da aka matse ne ke kunna man, kuma ƙarfinsa ya danganta ne ga yawan man da aka fesa. Idan aka umarci turbo ya ƙara cusa iska, aka kuma ƙara mai, ƙarfi zai tashi nan take. Amma zafin da ke cikin silinda da na hayaƙi shi ma zai tashi. Fistan na ƙananan motoci da gaurayen alminiyam ake yin sa, shi kuwa alminiyam yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Selsiyos, kuma tun kafin a kai can ya riga ya yi laushi. Bayan haka ƙarin ƙarfin sai ya bi ta kuloci da giya kafin ya kai ga taya, su kuma an ƙera su ne daidai da ƙarfin asali. Idan man ya fi ƙarfin iskar da ke akwai, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Wasu direbobi suna ɗaukar wannan hayaƙi alamar jarumtar mota, alhali mai ne da aka saya da kuɗi yake fita bai gama ƙonewa ba. A shekarar 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin injin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar.

Rarar da aka riga aka ci

A nan ne ya kamata mai mota a Ruwan Gizo ya tsaya ya yi nazari, domin duk abubuwan da aka bar rarar saboda su suna nan tattare da shi kullum.

A ɗauki zafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana a wannan yanki yakan kai digiri 40, har ya zarce. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba. Idan aka mai da ma'aunin zuwa na Kelbin, digiri 20 ya zama 293, digiri 40 ya zama 313. A raba 293 da 313 za a sami kusan 0.94. Ma'ana, silindar da ta cika da iskar bazara ta yi asarar kimanin kashi 6 cikin 100 na oksijin idan aka kwatanta ta da ta ƙasa mai sanyi. Ga shi kuma iska mai zafi tana saurin jawo ƙwanƙwasa, lagireto ma yana shan wahalar sanyaya ruwa. A haɗa da ƙurar hunturu da ta hanyoyin karkara da ke toshe filta, da lodin da sau da yawa ya zarce abin da aka rubuta wa motar.

Sai batun mai, wanda a cikinsa akwai wani tarko da ya isa a yi masa dogon bayani. Juriyar fetur ga ƙwanƙwasa ana auna ta da lambar okten. Fitattun na'urorin saiti na kanti, irin su Superchips da Bully Dog da Edge da DiabloSport, a Amurka ake yin su, kuma sukan ba mai mota zaɓi tsakanin saitin 87 da 91 da 93. Fetur ɗin gidajen mai na Nijeriya galibi iri guda ne, lambarsa tana wajen 91. Mai mota zai ga 91 a fuskar na'ura ya ce ai ga nasa nan, ya danna. Ya faɗa rami ke nan, domin ma'aunan biyu ba ɗaya ba ne. Nijeriya da Turai suna amfani da ma'aunin RON, Amurka kuwa tana rubuta matsakaicin ma'aunai biyu ne, wanda yakan gaza RON da maki 4 zuwa 5. Wato 87 na Amurka shi ne ya yi daidai da 91 na nan. 91 nasu ya kai wajen 95, 93 kuma wajen 98. Wanda ya zaɓi 91 ya gaya wa ƙwaƙwalwar motarsa ƙarya, ya ce yana ba ta man da bai taɓa shiga tankinta ba.

Wannan ma idan man tsarkakakke ne. Wanda ke saye a galan wurin 'yan bumburutu ba shi da tabbacin abin da aka zuba masa, kuma ko a gidajen mai an taɓa ganin ta'asa: a farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin ƙasar, wanda ya lalata motoci da dama kafin a janye shi. Man gas ma yana da nasa. Rahoton da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar a 2016 ya nuna ana sayar wa ƙasashen Afirka ta Yamma gas mai ɗauke da sinadarin farar wuta ninkin-ba-ninkin na abin da Turai ta yarda da shi, wato kashi 10 cikin miliyan. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan. Saitin da aka gwada da man wata ƙasa ba shi da masaniyar ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Wace mota, wace na'ura?

Motoci da yawa a wannan yanki ba su da abin da za a saita. Tsohuwar Marsandi 911, da a-kori-kura mai kafireta, da Land Cruiser mai injin 1HZ wanda famfon mansa na ƙarfe ne zalla, duk ba su da jadawalin da na'ura za ta sake rubutawa. Duk wanda ya ce zai yi musu saitin kwamfuta, aljihun mai motar yake nufi. Manyan tireloli na zamani suna da ƙwaƙwalwa, amma soket ɗinsu daban ne kuma lantarkin yawancinsu bolt 24 ne, na'urar da aka yi domin bolt 12 tana iya ƙonewa a jikinsu.

Ko motar mai ƙwaƙwalwa ce, sai sunanta da shekararta da irin injinta sun fito ƙarara a jerin motocin da na'urar ta sani. Yawancin na'urorin Amurka an yi su ne domin Ford da Chevrolet da Ram da Jeep na kasuwar can. Hilux ba a ma sayar da ita a Amurka a yau. Kuma mota 'yar Kwatano da aka ƙera domin Turai tana iya bambanta da takwararta ta ƙasashen Larabawa a saiti, ko da suna da jiki iri ɗaya ne. Lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 ita ce ke raba gardama. Akwai kuma wani abu game da na hannu: na'urar gaskiya takan ɗaure kanta ga motar da ta fara saitawa, ba ta sakin ta sai an mayar wa waccan motar saitinta na asali. Wadda aka tsinto cikin kayan gwanjo sau da yawa a ɗaure take ga wata mota da ke can wata nahiya.

Ta bogi kuwa tana da sauƙin ganewa ga wanda ya fahimci bayanin da ya gabata. Duk na'urar da aka ce tana yi wa kowace irin mota aiki, tana da araha ƙwarai, ba ta tambayar komai sai dai a soka ta a bar ta, to da walakin. A 2017 masu bincike na kamfanin Quarkslab na Faransa suka buɗe irin wannan da ake kira Nitro OBD2, suka tarar ba ta aika wa ƙwaƙwalwar mota saƙon komai. Aikinta kawai ƙyafta fitilu. Wata kuma 'yar waya ce mai rage ƙarfin lantarki da ake jonawa a kan sansar iska, don ta ruɗi ƙwaƙwalwa cewa iskar da ke shigowa mai sanyi ce.

Idan duk an tsallake waɗannan, saura lafiyar motar kanta. Injin da nozul ɗinsa ke ɗiga, ko lagireto ya toshe, ko fitilar gargaɗi take kunne, ƙara masa ƙarfi tamkar ɗora wa jaki mai ciwon baya ƙarin mangala ne. Lokacin zuba saiti kuma dole batir ya kasance a cike, domin idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu ƙwaƙwalwa tana iya mutuwa, mota ta ƙi tashi sam, kuma mai iya farfaɗo da ita sai a manyan garuruwa. Sabuwar mota mai garanti kuwa, kamfani yana iya gano an taɓa saitinta ya ƙi ɗaukar nauyin gyara.

Ba a ce na'urar ba ta da amfani ba. Wanda ya sa wa jif tayoyi mafiya girma saboda yashi da laka, malejinsa zai riƙa yi masa ƙarya: idan faɗin taya ya ƙaru da kashi 5 cikin 100, allura za ta nuna kilomita 100 alhali motar tana gudun 105. Na'ura mai kyau tana gyara wannan. Tana kuma da saitin jan kaya, wanda ke sauya lokacin shigar giya a mota mai giyar otomatik ba tare da matsa wa injin ƙwarai ba, kuma shi ne mafi dacewa da motar lodi. Sai dai aikin da ya fi kowanne amfani, wato karanta lambobin matsala da nuna zafin injin, akwai 'yar na'urar bincike mai arha da ke yin sa ba tare da ta sauya komai ba. Ga yawancin masu motoci a ƙasar Mafara wannan ita ce ta cancanci kuɗinsu.

Abu biyu ne bai kamata a nema daga na'urar saiti ba ko da tana iya yi. Na farko cire iyakar gudu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu daga 1 ga Fabrairu, 2017, kuma na'urar saiti ba ta ƙara wa birki ko taya komai. Na biyu kashe kayan tace hayaƙi. Ko manyan kamfanoni ba su sha da daɗi ba a kan wasa da wannan ɓangare: a watan Satumba na 2015 aka gano Volkswagen ya sanya wa motoci kimanin miliyan 11 saitin da ke ɓoye yawan hayaƙinsu lokacin gwaji, a ƙarshen 2023 kuma kamfanin Cummins ya amince da biyan tarar dala biliyan 1.675 a Amurka saboda makamancin haka a motocin Ram.

Lissafi domin aji

Malami zai iya ba ɗalibai wannan su gwada alƙawarin rage shan mai da alƙalami. A ƙaddara wata mota tana shan lita 12 a kowace kilomita 100, kuma tana tafiyar kilomita 2,000 a wata tsakanin Talata Mafara da Gusau da Sakkwato. Mainta na wata ya kama lita 240. Idan saiti ya rage mata kashi 3 cikin 100, an tsira da lita 7.2 ke nan. Ɗalibai su tambayo kuɗin lita a gidan mai mafi kusa, su lissafa watanni nawa za a yi kafin na'urar ta mayar da kuɗinta, sannan su tambayo wani bakanike kuɗin sauya kuloci da na gyaran injin da ya buga.

Daga nan su kwatanta da abin da ƙafar direba ke iya yi kyauta. Turjiyar da iska ke yi wa mota tana ƙaruwa ne daidai da gudu sau gudu. Motar da ta tashi daga kilomita 80 a awa zuwa 100, gudunta ya ƙaru da kashi 25 cikin 100 kawai, amma 1.25 sau 1.25 ya ba da 1.56, wato turjiyar iska ta ƙaru da kashi 56 cikin 100. Ƙarfin motsin da birki zai kashe kafin motar ta tsaya shi ma da wannan lissafi yake tafiya. Ɗalibai su sake yin lissafin da gudun kilomita 120, su ga ninki nawa ne na 80.